Balaga da Wuri: Lokacin da Jiki Ya Riga Ƙwaƙwalwa

A lungunan Nima da Maamobi na birnin Accra, akan ga yarinya 'yar firamare ta fara ƙirgar dangi, nan da nan 'yan unguwa su soma yi mata kallon budurwa. Likitoci na kiran wannan balaga da wuri idan alamun suka bayyana kafin shekara 8 ga mace, ko 9 ga namiji. Wani nazari na 2020 ya nuna cewa daga 1977 zuwa 2013, lokacin fitowar nono ya riƙa matsowa da kusan wata 3 a kowace shekara 10 a duniya, kuma ƙiba na cikin dalilan da ake zargi.

Daga ƙwaƙwalwa abin yake farawa. Ita ke ba da umarnin sakin sinadaran estrogen da testosterone, su kuma su dawo su zaburar da sashen da ke kula da tsoro, fushi da sha'awa. Amma sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa yarinyar da ta balaga da wuri ta fi faɗawa damuwa da ƙuncin rai, balle a gidan haya mai cunkoso inda idon samari ke kanta.

Iyaye na iya fara kai yaro asibitin Maamobi. Idan an tura shi asibitin Korle Bu, gwajin jini da hoton ƙashin hannu za su nuna ko yana buƙatar allurar da ke dakatar da balagar na ɗan lokaci.