Ƙarar sanyin safiya: Gargaɗin da sarƙar injin mota ke yi kafin ta lalata komai

Da sassafe mai mota ya murɗa ki, inji ya tashi da wata ƙara kamar ana jan sarƙa a kan kwano. Bayan daƙiƙa biyu ko uku sai ta yi shiru. Tunda ta daina, yawancin masu mota sai su ja abarsu su tafi. Sau da yawa wannan ƙarar ita ce gargaɗin farko daga sarƙar da makanikai ke kira taimin cen, kuma watsi da ita kan kai ga sauke inji gaba ɗaya.

Aikin sarƙar

A cikin inji, fistin na hawa da sauka, bawul kuma na buɗewa da rufewa domin iska da fetur su shiga, hayaƙi ya fita. Sarƙar ce ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama, yadda duk juyi biyu na ƙasa zai zo daidai da juyi ɗaya na sama. Idan ta tsallake haƙori ɗaya, mota za ta rasa ƙarfi, ta riƙa kakkarwa da shan mai. Idan ta tsallake da yawa ko ta tsinke, a injina irin na Honda Accord fistin kan doki bawul ya lanƙwasa shi. Daga nan magana ta koma gyaran kan inji.

Ba kowace mota ke da sarƙa ba. Peugeot 406 mai fetur da Camry da ake kira "Pencil" bel suke amfani da shi, wanda kamfanoni kan ƙayyade canza shi bayan wasu shekaru ko tafiyar da ta kai kusan kilomita 100,000. Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Camry "Big Daddy" da Accord "EOD" masu silinda huɗu kuwa, sarƙa gare su, wadda aka ƙera domin ta daɗe kamar injin kansa.

Baƙin mai ne ranta

Sarƙar na gudu ne cikin baƙin mai. Tanshina, wato abin da ke tokare ta don kada ta yi sako-sako, shi ma da ƙarfin man yake aiki. Idan aka jinkirta juye, mai ya yi datti, sai 'yan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta su cinye a hankali har ta ƙara tsawo.

Kaurin mai ma na da tasiri. Accord ta 2003 da aka shigo da ita daga Amurka 5W-20 kamfani ya rubuta mata, Corolla kuma 5W-30, amma a gareji da dama 20W-50 ake ɗura musu da hujjar zafin ƙasarmu. Mai kauri kan yi jinkirin isa ga tanshina, musamman da safiyar hunturu, kuma a wannan ɗan lokacin ne sarƙa ke dukan jikin inji.

Sai dai ba kowace ƙara ce ta sarƙa ba. Accord ta 2008 zuwa 2012 mai silinda huɗu ta shahara da irin wannan ƙara daga giyar VTC da ke kan kamshaf. Shi ya sa ake fara sa kwamfuta. Lamba irin P0016 na nuna cewa sama da ƙasa sun daina tafiya daidai.

Inda ake yin kuskure

Babban kuskure shi ne canza sarƙa kaɗai. Tanshina, da robobin da take zamewa a kansu, da ƙafafu masu haƙora da take hawa, duk tare suka tsufa. Tsofaffin haƙora kan cinye sabuwar sarƙa. Idan robobin sun farfashe, ɓaraguzansu kan faɗa tukunyar mai ta ƙasa su toshe rariyar famfon mai, don haka dole a kwance ta a wanke.

Wajen ɗaurawa, ana kai fistin na ɗaya ƙololuwa, a daidaita gaɓoɓin sarƙa masu launi da alamomin da ke jikin ƙafafun. Ƙwararren bakanike ba ya tayar da inji nan take. Yakan juya shi da hannu sau biyu tukuna, ya tabbatar babu inda ya cije. Gam ɗin rufe murfi ma idan ya yi yawa, yakan ɓalle ya toshe hanyoyin mai.

Sai batun kaya. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, ana samun sabo na kamfani, da kwaikwayo, da na Beljiyam. Sarƙar Beljiyam ba a san tafiyar da ta yi ba, kuma ido ba ya iya gane yadda ta ci. Kuɗin aikin kwance inji ɗaya ne ko da wane iri aka saka, saboda haka wanda ya sayi mai araha yana iya biyan bakanike sau biyu.

Ga mai motar da injinsa bai fara ƙara ba tukuna, rigakafin na hannunsa: ya yi juye a kan lokaci da man da aka rubuta a littafin mota ko a kan murfin mai, ya sa filta mai kyau, ya kuma riƙa duba sandar awon mai kowane mako.