Yadda A Ke Gano Waya Da Bututu A Ƙarƙashin Ƙasa

Bara da rani wani maƙwabcinmu a Jekadafari ya sa lebura su haƙa masa harsashin katanga. Ba su kai ƙafa 3 ba sai diga ta sari bututun famfo. Kwana 4 layinmu ba ruwa, sai bin 'yan garuwa. Da wayar lantarki aka sara, da gawa aka ɗauka. Shi ya sa na ga ya kamata 'yan'uwana ɗalibai su san dabarar da a ke gano irin waɗannan abubuwa tun ba a haƙa ba.

Ruwan da mu ke sha a Gombe daga madatsar Daɗin Kowa ya ke zuwa, wadda aka gama a 1984, tafiyar kimanin mil 23. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 kuwa a ke ta binne bututu da wayoyi, a yi hanya a kansu, alamun da aka kafa su ɓace.

Tushen dabarar tsoho ne. A 1820 wani malami a Danmak, Oersted, ya ga allurar kamfas ta juya da ya sa wuta ta bi wayar da ke kusa da ita. Watau kowace waya mai ɗauke da wuta tana da ƙarfin maganaɗisu kewaye da ita. A 1831 Faraday na Ingila ya nuna in ƙarfin nan yana sauyawa, ya kan ta da wuta cikin naɗin waya da ke kusa. Ƙasa ba ta tare shi. Da batir da waya da kamfas kowane malami zai iya nuna wa ajinsa na farkon. Haka aka nuna mana muna yara.

Kayan aikin biyu ne, akwati mai aikawa da sanda mai saurare. A kan maƙala waya guda ta akwatin a jikin bututun ƙarfe inda ya fito fili, ɗayar kuma a turken ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Wutar sai ta bi bututun, ta komo ta cikin ƙasa. In rani ne, yashin Gombe ya bushe ƙayau, sai an zuba wa turken ruwa, in ba haka ba wutar ba ta samun hanyar komowa. Mai sandar yana tafe yana gitta layin, inda ƙara ta fi ƙarfi nan bututun ya ke. Sandar tana da naɗin waya sama da ƙasa, bambancin abin da su ke ji shi ke nuna zurfi.

To, ga inda wuyar ta ke. Ganowa daban, sanin ko wanne ne daban. Wutar gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, sandar tana jinta ko ba akwati, amma ba za ta ce wayar wa ce ba. Don haka akwatin ke aikawa da tasa, sau 512, ko 8,000, ko 33,000, a saita sandar ta ji ita kaɗai. Mai saurin ta fi sauƙin ji, amma ta cika tsallakawa zuwa ƙarfen da ke maƙwabtaka. Sau da yawa wanda aka tsallaka wa ya fi kusa da sama, ƙararsa ta fi ta na ainihin, mai gaggawa ya bi shi ya ɓata. Gwani ya kan fara da mai jinkirin, sa'an nan ya duba yawan wutar da sandar ta auna a kan kowane layi, gama na ainihin ya kan fi ɗauke da ita ko da ya fi zurfi. Duk da haka, in an zo daf da layin, da shebur a ke tonawa a hankali, a ajiye diga.

Bututun roba fa? Wuta ba ta binsa, sandar ba ta jinsa sam. Maganinsa a shimfiɗa siririyar wayar jan ƙarfe tare da shi ran da a ke binnewa, a bar bakinta a fili inda za a maƙala akwati. Na layinmu na roba ne. Na tsaya na ga gyaransa, aka ɗaure, aka mai da ƙasa, ba wanda ya sa masa waya.