Garin Wittenberg da Rawar da Cinikin Ɗab'i Ya Taka Wajen Daidaita Jamusanci

Manazarta harshe kan danganta daidaitaccen Jamusanci da sunan Martin Luther, amma ba kasafai ake waiwayar garin da ya zauna ba, balle sana'ar da ta yaɗa rubutunsa. Wannan maƙala za ta dubi garin ne, wato Wittenberg, wanda ke gaɓar kogin Elbe a gabashin Jamus.

An fara ambaton Wittenberg a rubuce a ƙarshen ƙarni na 12, ya kuma sami matsayin birni a 1293. Duk da haka bai taka kara ya karya ba sai da Sarki Friedrich na Saxony, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Hikima, ya gina fada a cikinsa, ya kafa jami'a a 1502. Tsohon garin kusan a iya cewa titi ɗaya ne miƙaƙƙe. A ƙarshensa na yamma akwai fadar da cocinta, inda aka ce Luther ya kafe batutuwansa 95 a 1517. Ƙofar katakon ta ƙone a yaƙin 1760, ta tagullar da ke wurin kuwa a 1858 aka sa ta. A gabas akwai tsohon gidan masu ibada wanda ya zama mazaunin Luther. Kasuwa tana tsakiya, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

A gefen kasuwar ne Lucas Cranach ya zauna. Mai zanen fada ne, amma ɗan kasuwa ne na ƙin ƙarawa: yana da kantin magani, yana sayar da giya, ya riƙe muƙamin magajin gari, sa'an nan ya zuba jari a harkar littattafai. Shi da Christian Döring suka ɗauki nauyin fassarar Sabon Alkawari da Luther ya yi, Melchior Lotter ya buga ta a Satumbar 1522. An buga kwafi wajen 3,000, amma kafin Disamba sai da aka sake bugu. A 1534 Hans Lufft ya buga cikakken Baibul, ya yi shekaru yana maimaita shi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, Wittenberg yana kusa da iyakar manyan karuruwa biyu, na arewa da na tsakiya, waɗanda masu su ba sa fahimtar juna sosai. Luther ya ɗauki harshen da ofishin mulkin Saxony ke rubutu da shi, ya sassauta shi da maganar gida da ta kasuwa. Ba ƙirƙiro sabon harshe ya yi ba, kamar yadda wasu ke zuzutawa. Maɗaba'a ita ma tana da tata buƙata: littafin da za a karanta a kowace jiha ya fi kawo riba, don haka masu gyaran bugu suka riƙa daidaita ƙa'idojin rubutu. Ko da hakan, an daɗe ana buga wa mutanen arewa fassarar a cikin nasu karin.

Daga 1547, lokacin da sarautar ta koma hannun wani gida, tauraron garin ya fara dusashewa. An haɗe jami'ar da ta Halle a 1817. Masana'antar takin zamani da aka kafa a Piesteritz a 1915 ta zama babbar hanyar abinci, tare da baƙi masu ziyara, musamman bayan da UNESCO ta sa gine-ginen Luther cikin kayan tarihin duniya a 1996.