Ƙauyukan da Birnin Taurari ke Cinyewa

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye, dare ya tsala, babu wata babu lantarki, ya san farar hanyar nan da ke ratsa sama kamar an zubar da gari. Birnin taurari ne da ranarmu ke ciki, wanda Turawa ke kira Milki We, mai taurari sama da biliyan 100. Shi ma yana da ƙauyukansa: ƙananan gungun taurari wajen 60 da ke zagaye da shi, ƙarfin jansa na riƙe da su.

Fitattu a cikinsu su ne Gizagizan Majalan guda biyu. Hasken babban yana yin shekara kusan 160,000 kafin ya iso mu, na ƙaramin kuwa 200,000. Sun ci sunan Ferdinand Magellan, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal da ya fara tafiyar zagaya duniya a 1519, duk da cewa mutanen kudancin Afirka da na Ostareliya sun daɗe da saninsu tun kafin a haifi kakansa. Daga Kano, babban yakan leƙo can ƙasa ta kudu a watan Disamba da Janairu, bai wuce digiri tara daga doron ƙasa ba. Sai dai kash, lokacin ne hazon hunturu ke rufe sama.

Gizagizan nan sun yi wa ilimi rana. A 1912, Henrietta Leavitt ta jami'ar Harvard ta nazarci wasu taurarin ƙaramin girgijen masu ƙaruwa da raguwar haske, ta gano cewa wanda ya fi jinkirin sauyawa shi ya fi haske na ainihi. Da wannan aka samu ma'aunin nisan sararin sama. Ran 23 ga Fabrairun 1987 kuma hasken wani tauraro da ya tarwatse a babban girgijen ya iso duniya, har ana ganinsa da ido tsirara a ƙasar Chile.

Zaman birnin da ƙauyukansa dai ba na lumana ba ne. A 1994 masana a Kambirij ta Ingila suka gano gungun Sajitariyus, ɓoye bayan tsakiyar birninmu, ana yayyaga shi. Ɓangarensa da ke kusa da birnin ya fi na nesa shan ja, don haka duk zagayen da ya yi sai ya zubar da taurari a hanya, kamar buhun gero mai huji a bayan jaki. Wannan zubin ya naɗe birnin gaba ɗaya, kuma na'urar Gaia ta Turai, da aka harba a 2013, ta bi sawunsa tauraro bayan tauraro.

Babban girgijen ma yana kan layi. Lissafin masana ya nuna birninmu zai haɗiye shi nan da shekara biliyan biyu da wani abu.