Hanyar abinci a cikin jiki: abin da ya sa kowane maganin ciki ke da lokacin shansa

"Cikina ke ciwo" na daga cikin maganganun da ma'aikatan jinya ke ji kullum a likitoci da cibiyoyin lafiya na CSI, daga Maraɗi har Damagaram. Amma ciki ba wuri guda ba ne. Doguwar hanya ce mai zango-zango, kuma kowane magani akwai zangon da yake aiki. Shi ya sa ake cewa a sha wani kafin abinci, wani kuma bayansa.

Narkewar abinci daga baki take farawa. Haƙora na niƙa tuwo, miyau kuma na fara narkar da shi. Daga nan lomar ta bi maƙoshi, mai tsawon kusan santimita 25, ta faɗa tumbi. Tumbi na fitar da ruwan tsami mai ƙarfi da ke narkar da nama da kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ke hana wannan ruwa cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi da ya lulluɓe bangonsa.

A wannan zango ne ake samun ƙwannafi da gyambon ciki. Ƙwannafi na faruwa idan ruwan tsamin ya hau maƙoshi. Gyambo kuwa, yakan fito idan kariyar bangon ta yi rauni. Manyan dalilansa biyu ne: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda likitocin Ostareliya Barry Marshall da Robin Warren suka gano, har suka samu kyautar Nobel a 2005, da kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofène, diclofénac da aspirine, waɗanda ake saye hannun masu tallar magani a kasuwa ba tare da takardar likita ba.

Magungunan tumbi iri-iri ne. Irin su Maalox na kashe kaifin tsamin nan take, amma na ɗan lokaci. Suna kuma hana wasu magunguna, kamar ciprofloxacine da doxycycline, shiga jini, don haka ake raba su da aƙalla awa 2. Kanwa da wasu ke jiƙawa don ƙwannafi ita ma haka take kwantar da shi, sai dai gishirin da ke cikinta na da illa ga mai hawan jini. Oméprazole kuwa rage fitar ruwan tsamin yake yi tun daga tushe. Ya fi aiki idan an sha shi kamar minti 30 kafin abincin safe, ko kafin sahur ga mai azumi. Idan gwaji ya nuna akwai ƙwayar cutar, sai an haɗa da magungunan kashe ta, a kuma shanye su har ƙarshe.

Daga tumbi abinci na shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6. A nan ruwan ɗaci da hanta ke yi yake narkar da mai, a nan kuma amfanin abinci da yawancin magunguna ke shiga jini. Babban hanji, mai kusan mita 1 da rabi, shi ke tsotse sauran ruwa kafin bayan gida ya fita.

Idan gudawa ta kama yaro, abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ruwan gishiri da sukari na SRO na aiki ne saboda sukari na taimaka wa hanji ya ja gishiri, ruwa kuma ya biyo su zuwa jini. Ana dama ƙunshi guda cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14. Maganin tsayar da gudawa kamar lopéramide ba a ba ƙananan yara shi, ko mai gudawa da jini.

Aman jini, bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ramewa babu dalili, ba abubuwan sayen ƙwaya a bakin titi ba ne. Wanda ya ga ɗaya daga ciki, ya tafi likita a ranar, ya kuma faɗa wa ma'aikacin jinya duk maganin da yake sha, har da na gargajiya.