Abubuwan da ya kamata ka sani idan jarrabawa ba ta fito yadda ake so ba

Duk shekara da WAEC ko NECO ta saki sakamako, shagunan intanet na Sakkwato kan cika da ɗalibai, kowa riƙe da katin duba sakamako. Wani ya fito da dariya, wani ya naɗe takardarsa ya cusa aljihu. Na biyun shi ne ke da aiki a gabansa, kuma lokaci ba ya jiransa.

Fara da karanta takardar da kyau

Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an ci, amma jami'a ba ta ƙirga su cikin kiredit biyar da take nema, haɗe da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato duk a kan wannan ƙa'ida suke.

"An riƙe min" iri-iri ne

A nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Idan darasi ɗaya ko biyu ne ba su fito ba, sau da yawa kuskure ne wajen cike lamba ko haɗa maki, kuma yakan fito daga baya. Idan an riƙe bisa zargin satar amsa, sai kwamitin hukumar ya zauna: ko ya saki, ko ya soke. Wani lokaci laifin na cibiyar ce baki ɗaya, ya shafi yaron da ko waige bai yi ba. Akwai kuma riƙewar bashi, inda gwamnatin da ta ɗauki nauyin kuɗin jarrabawa ba ta biya ba; wannan ba ruwan ɗalibi, sai dai shi ke kwana a ciki.

Kowanne ne, ƙofar farko ita ce ofishin shugaban makarantarka, domin ta hannunsa hukumar ke karɓar koken ɗaliban makaranta. Ka tafi da katin shaidarka mai hoto da lambar jarrabawa.

Hukumar ma tana kuskure

A watan Agustan 2025 WAEC ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta amsa cewa an tafka kuskure wajen maki, adadin ya koma 62.96. A shekarar ce kuma JAMB ta sake wa sama da ɗalibai 379,000 jarrabawa a Legas da Kudu maso Gabas, saboda nata kuskuren. Don haka a sake dubawa kafin a yanke wa yaro hukunci a gida.

Hanyoyin cike gurbi

Yawancin kwasa-kwasai na karɓar zama biyu, wato ka haɗa WAEC da NECO, ko ka ƙara da ta masu zaman kansu da ake kira GCE. Likitanci ne aka fi tsanantawa, galibi zama ɗaya ake so. Sakamakon sakandare ba ya tsufa, na JAMB kuwa shekara ɗaya ne kawai, shi ya sa zaman jira ke da tsada.

Wanda JAMB ce ta ba shi matsala yana iya bi ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, ya shiga aji biyu kai tsaye. Ko ya nemi Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Masu raina NCE da difloma, a ganina, ba su lissafa shekarun da ake ɓatawa a gida ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane

Idan ka cike JAMB kana jiran sakamako, da zarar ya fito dole ka je ofishin JAMB ko cibiyar kwamfuta da ta amince da ita a ɗora maka shi. In ba haka ba, tsarin CAPS, wanda JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa, ba zai ba ka gurbi ba ko makinka ya kai 300.

Su kuwa masu turo saƙo a WhatsApp cewa suna da "mutum a ciki" da zai mai da F9 ta koma C4, 'yan damfara ne. Jami'o'i na tantance sakamako daga hukumar kanta, kuma an sha korar ɗalibai a ajin ƙarshe saboda takardar bogi.