Wa Ya Fi Ɓata Bango?

Tun bayan zaɓen 12 ga Oktoban 2025, wanda aka bayyana Paul Biya ya lashe, Issa Tchiroma Bakary ɗan Garwa kuma ya ce shi ya ci, duk abin da ya ɗanɗani siyasa kallon tsoro ake masa a arewacin Kamaru. Har da fenti. Daga Garwa zuwa Kaele, magana ɗaya ake ji a bakin manya: duk yaron da ya tsaya gaban katanga da gwangwanin fenti ɗan iska ne, kuma zanen bango ɗabi'ar Turawa ce da waya ta kawo.

Maganar Turawan nan ce ta fi ba ni haushi. Wanda ya taɓa zuwa Pouss ya ga yadda Musgum ke ƙawata jikin ɗakunan lakarsu da layuka masu tudu, waɗanda ke zubar da ruwan sama, mai gyara kuma ya taka su ya hau. Maginan Zariya da Damagaram sun daɗe suna zana takobi da dagi a goshin gida, daga baya har keke da agogo suka shiga, don mai wucewa ya san irin maigidan da ke ciki. Bangonmu ya saba magana tun kafin a san Facebook.

Abin da siyasa ke ƙarawa shi ne hannaye da yawa. A Dakar, bayan rikicin zaɓen 1988 tsakanin Abdou Diouf da Abdoulaye Wade, matasan unguwanni suka ɗauki tsintsiya da fenti a yunƙurin da ake kira Set Setal. Sun share kwatoci, sun kwashe bola, sannan suka zana Shehu Ahmadu Bamba da Mandela da gargaɗin tsafta a katangu. Akasarinsu ba su taɓa shiga ajin zane ba. Yau Dakar na cikin manyan cibiyoyin zanen bango a Afirka, har da bikin Festigraff da aka fara a 2010.

A nan gida ma an gani. A 1996 cibiyar doual'art ta sa Joseph-Francis Sumégné ya kafa La Nouvelle Liberté a shataletalen Deido da ke Duwala, mutum-mutumi mai tsawon mita 12 da aka harhaɗa da tarkacen ƙarafa. An zage shi, an ce abin kunya ne, wasu har ƙabilar mai aikin suka taɓo. Yanzu shi ne alamar birnin.

Hukuma kuwa har gobe goge-goge ta sani. A Khartoum an shafe hotunan waɗanda aka kashe da aka zana a bango, bayan tarwatsa zaman dirshan masu zanga-zanga a ranar 3 ga Yunin 2019, amma kafin nan an riga an ɗauke su a wayoyi sun zaga duniya. Goge zane irin wannan kamar hura garwashi ne da niyyar kashe shi.

Gaskiya ne akwai ɓarna. Mai rubuta zagi a katangar maƙwabci ko jikin masallaci ya cancanci tsawa. Amma a ƙirga da adalci. Fastocin 'yan takara da ake liƙawa da kwaɓaɓɓen fulawa a makarantu da turakun lantarki, wa ke zuwa cire su bayan zaɓe? A Kano gwamnati da kanta ta rubuta Kwankwasiyya a jikin gine-ginen da aka yi da kuɗin jama'a, ba a kama kowa ba.

Da magajin garin Kaele zai ware katanga ɗaya a bakin kasuwa, ya ce wa ɗaliban lise da masu rubuta allunan shaguna su zana abin da ke damunsu, ruwan sha ne ko farashin auduga, kuɗin fentin ba zai kai na fastocin kamfe na mako guda ba.